A Buɗe wa 'Yan Karatun Nesa Ƙofar Mujallarmu

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni kuwa a ganina akwai abin da ya fi shi muni, shi ne mutum ya sami ɗan sani kaɗan ya mayar da shi sandar korar 'yan'uwansa. Wannan cuta ce nake gani tana neman kama mu, mu 'yan Ƙungiyar Hausa, tun da aka ta da maganar ko ya dace mujallarmu ta riƙa karɓar rubuce-rubucen ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, da sauran masu neman digiri daga gidajensu. Wasu daga cikinmu sun murtuke fuska sun ce sam ba za ta saɓu ba. Wai mujalla ta ɗaliban jami'a ce, su kuwa waɗancan 'yan digirin wasiƙa ne, ba su san ƙofar ɗakin lacca ba balle su san yadda ake riƙe alƙalami. Na ɗauki nawa alƙalamin ne don in nuna cewa wannan magana ba ta da tushe balle makama, kuma in muka bari ta zauna da gindinta, adabin Hausa ne zai kwana a ciki.

Kafin mu shiga hujjoji, ya kamata mu san ko su wane ne ake magana a kansu, don kada mu yi ta dukan iska. Ni mutumin Darki ne, a ƙasar Wudil, garin da ke bakin babbar hanyar nan da ta fito daga Kano ta haye gadar Wudil ta miƙe gabas. Duk wanda ya tashi a gari irin namu ya san irin mutanen da ke shiga karatun nesa. Akwai malamin firamare da ya daɗe yana riƙe da takardar NCE, albashinsa ne tuwon gidansu, in ya ajiye alli ya tafi jami'a shekara 4 an sauke tukunya ke nan. Akwai wadda ta gama sakandare da sakamako mai kyau aka ɗaura mata aure, yanzu ga goyo ga girki. Akwai saurayin da ke tsaron rumfar mahaifinsa ranar kasuwar Darki, ranar Juma'a kuma ya bi shi Karar Wudil. Akwai ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, akwai ɗan sanda, akwai direba. Abin takaici, jami'a na nan kusa da su, domin tun 2001 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Wudil, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022. Amma kusancin gini ba ya sauke wa mutum nauyin da ke kansa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. To, waɗannan bayin Allah su ne suka ƙi haƙura da ilmi. Suna sauke darasi a wayar hannu, su karanta da dare bayan yara sun yi barci, su tara kuɗin mota su tafi cibiyar karatu lokacin jarrabawa. Su ne wasunmu, waɗanda ake aiko wa kuɗin abinci duk ƙarshen wata, suke kira malalata masu neman digiri a ɓagas.

Hujjar masu tsaron ƙofa ta farko ita ce wai karatu ba ya yiwuwa sai ɗalibi ya durƙusa gaban malami, saboda haka karatun nesa baƙon abu ne da aka ƙago don sayar da takardar shaida. Abin kunya ne a ji wannan daga bakin ɗalibin Hausa wanda aka koya wa tarihin rubutattun waƙoƙi na ƙarni na 19. Ina suka baro Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864? Ita ce ta lura matan aure na ƙauyuka ba za su iya barin ɗakunansu su zo ɗaukar karatu ba, sai ta shirya tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa. Jajin ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata su zo wurin Nana su haddace waƙoƙin da ta tsara a kan addini da zaman duniya, sa'an nan su koma su koyar da waɗanda ke cikin gida. Malama tana wuri ɗaya, ɗalibai suna warwatse cikin karkara, darasi yana tafiya a cikin baitoci. In wannan ba karatun nesa ba ne, to, a gaya mini sunansa. Kuma a lura da kyau, da adabi aka yi wannan aiki. Wato a ƙasar nan tamu, waƙa ce ta goyi karatun nesa a bayanta.

Ko a sauran duniya ma ba jiya aka fara ba. Tun 1858 Jami'ar Landan ta ba da dama ga wanda ke son zama jarrabawarta daga inda yake, kuma ta wannan hanya ce Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke kan takardar naira 10, ya sami digirinsa a 1928, shekara 20 kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Nelson Mandela yana tsare a kurkuku ya kammala digirin lauya da Jami'ar Afirka ta Kudu, wadda ta fara koyarwa ta wasiƙa tun 1946, aka ba shi a 1989. A Ingila an kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1969, ta ɗebi ɗalibanta na farko a 1971, tana koyar da su ta gidan waya da rediyo da talabijin na BBC. A nan Arewa an kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, kuma da yawa daga cikin malaman da suka koya mana baƙi da wasali a firamare ta hannunta suka ƙaro ilmi ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Mai zagin karatun nesa ya bincika da kyau, wataƙila nonon da ya sha yake zagi.

Ita kanta NOUN ɗin, wa ya kafa ta? Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ce a 1983, shi kuwa Shagari kafin ya shiga mulki malamin makaranta ne kuma marubucin waƙa, shi ne mai Waƙar Nijeriya. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a 1984, ta yi shekaru tana kwance, sai a zamanin Olusegun Obasanjo aka tashe ta, ta koma aiki a 2002. Shi da kansa bayan ya sauka daga mulki ya shiga ya zama ɗalibinta, har ya kai ga digirin dakta. Daga 2016 zuwa 2021 kuwa Farfesa Abdalla Uba Adamu, Bakano daga Jami'ar Bayero, shi ya shugabance ta. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da ke tantance kwasa-kwasanmu ita ke tantance nasu. Har a gidajen yari tana da cibiyoyi, inda ɗaurarru ke karatu kyauta. Gwamnati ta yarda jami'a ce, doka ta yarda, sai mu 'yan aji biyu da aji uku ne za mu ce ba mu yarda ba? Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Daɗin daɗawa, mu da muke tinƙaho da haraba, kullum a cikinta ake karatun? A 2020 yajin aikin malamai da annobar korona sun rufe jami'o'in gwamnati kusan shekara guda. A 2022 an sake rufe su wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A waɗannan watanni 8 kowa gida ya koma, sai dai ɗan Buɗaɗɗiyar Jami'a yana gida da darasinsa, ɗan haraba yana gida yana ƙirga kwanaki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hujjarsu ta biyu ita ce ta fi shafar aikin wannan mujalla. Wai ko da an yarda waɗannan mutane ɗalibai ne, ba za su iya rubutun da ya isa a buga ba, domin marubuci sai ya sha iskar haraba, ya zauna lacca, ya ji sharhin manyan malamai. To, mu koma ga tarihi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai 5 da suka fito daga wannan gasa su ne har yau harsashin darasinmu na zube: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A lokacin nan babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Imam yana da shekara 22, sa'an yawancinmu, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauchi. Ma'aikata ne, rubutu a kan aikinsu suka ɗora shi, editansu yana Zariya su suna wasu garuruwa. Ina tambayar mai karatu tsakaninsa da Allah: da wa suka fi kama, da mu, ko da malamin firamaren Darki da ke rubutu bayan an tashi yara?

Mu zo ga waƙa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana yaro, amma Imfiraji ta ci kundayen digiri ba iyaka. Mamman Shata bai nemi jami'a ba, Jami'ar Ahmadu Bello ce ta neme shi da digirin girmamawa a 1988. A farkon shekarun 1970 akwai ƙungiyoyin marubuta waƙa biyu a Kano, Hikima ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu, kuma ba katin ɗalibi ake nunawa a shiga ba, baiti ake nunawa. A Hikima ne Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu suka yi zamani, waɗanda daga baya aka tara waƙoƙinsu a cikin Alƙalami a Hannun Mata.

Sai kuma abin da ya faru daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasan Kano maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya, ita ce kuma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara da Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, shi ma ta makarantar manya ya shiga boko. Da me wasu 'yan jami'a suka tarye su? Da raini. Aka laƙaba wa aikinsu Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu a shekarun 1990 kan ko ya cancanci a kira shi adabi. Cikin waɗanda suka tsaya musu a wannan muhawara har da Abdalla Uba Adamu, mutumin da daga baya ya shugabanci jami'ar da muke yi wa kallon hadarin kaji. Yau ga shi a sassan Hausa ana rubuta kundin digiri na ɗaya har zuwa na uku a kan littattafan nan. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shin sai mun sake taka wannan sawu, mu kore su yau, ƙannenmu su rubuta kundi a kansu gobe? Ko Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016, labari take nema, ba ta tambayar mace a wane ɗakin kwanan ɗalibai ta kwana.

Duk da haka ba zan ɓoye gaskiyar da ke cikin maganar abokan jayayyata ba, domin gaskiya ko daga bakin wa ta fito a karɓe ta. Akwai abin da ɗan karatun nesa ya rasa, kuma babban abu ne ga mai son rubutu. Darasi yana hannunsa a rubuce, littafi kuma in ya nema zai samu. Abin da ya rasa shi ne majalisa. Kowa a cikinmu ya san ba a lacca muka koyi ɗan abin da muka iya na rubutu ba. A gindin bishiyar bakin sashe muka koya, da teburin mai shayi, da ɗakin kwana bayan sallar lisha. Ka karanta waƙarka, wani ya ce karin ya karye a ɗango na uku, wani ya ce amsa-amon ya sauya ba dalili. Ka karanta labarinka, wata ta ce ai wannan matar ba haka mata ke magana ba, wani ya ce tauraronka ya bar Kano da safe a mota ya isa Legas kafin azahar. Wani ya kama ka ka raba kalmar da ake haɗawa, ko ka rubuta ƙ babu lanƙwasa ka mai da ƙafa kafa. Ka ji haushi, ka kwana, ka wayi gari ka gyara. Ta haka alƙalami ke kaifi. Ɗan karatun nesa kuwa yakan rubuta abinsa cikin dare, ya karanta wa kansa, ya yabi kansa ko ya kushe kansa, ya tura ƙarƙashin katifa.

Tsarin gwajinsu ma bai cike wannan gurbi ba. Yawancin ayyukan gwaji da jarrabawar shekarun farko a kan kwamfuta ake yin su, tambayoyin canki-canka ne ko na cike gurbi. Wannan yana da amfaninsa ga jami'ar da ɗalibanta ke warwatse a faɗin ƙasa, amma canki-canka ba ya gaya wa mutum cewa jimlarsa ta yi nauyi, ko ƙarshen labarinsa ya zo da gaggawa. Mutum na iya cin darasin rubutacciyar waƙa da maki mai kyau alhali bai taɓa tsara baiti ɗaya wani ya ji ba. Ko da yake, mu faɗa wa juna gaskiya, a nan harabar ma akwai masu fita da digirin Hausa a haka.

To, amma ina wannan gaskiya ta kai mu? A garinmu in murhun maƙwabciya ya mutu, yarinya take aikowa da kasko a ɗebar mata wuta, kuma ban taɓa jin wadda ta ce tun da ba ki da wuta ba ki cancanci girki ba. Rashin majalisar da ke damun ɗan karatun nesa shi ne babban dalilin da ya wajabta mana mu buɗe masa tamu. Don me aka kafa Ƙungiyar Hausa tun asali? Don raya harshe da adabi da al'adun Hausawa aka kafa ta, ko kuwa don mu riƙa ganin hotunanmu cikin babbar riga a bangon mujalla? In don harshe ne, to, harshen ba ya tsayawa a ƙofar jami'a ya nuna wa mai gadi kati.

Kada kuma wani ya zaci alfarma za mu yi musu kawai. Mu ma muna da yunwar abin da ke hannunsu. Mai karatu ya ɗauko labaran da mu 'yan haraba muke rubutawa ya duba. Yawancinsu a bakin ɗakin kwanan mata suke farawa, a gidan wani attajiri suke ƙarewa: ga saurayi mai mota, ga budurwa mai aji, ga uba mai taurin kai. Ba laifi ba ne, abin da muka gani ke nan, shekarunmu ke nan. Amma ƙasar Hausa ta fi haka faɗi. Wane ne a cikinmu zai iya zana dillalin shanu a Kara, yadda yake jan mai saye gefe, yadda mai kaya ke cewa albarka sau uku kafin ya sallama, yadda ake fitar da la'ada? Wa zai kawo mana bakin masunta na kogin Wudil, da gora da koma da taru, da bambancin tarwaɗa da ragon ruwa da karfasa? Wa ya san abin da ke zuciyar manomi ranar da damina ta sauka buhun taki ya fi ƙarfin aljihunsa, ko abin da ma'aikaciyar asibiti ke gani da tsakar dare in an kawo mai naƙuda babu mota babu wuta? Wa zai rubuta zaman kishi daga cikin ɗaki, ba daga jita-jitar ƙofar gida ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan mutane suna zaune a tsakiyar labaran da muke cewa adabinmu ya rasa, kuma a bakinsu akwai kalmomin da mu muka fara mantawa saboda yawan surka Hausarmu da Ingilishi. Mu muna da ƙa'ida da nazari, su suna da kayan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hujjarsu ta uku ta kuɗi ce. Wai da kuɗin ƙungiyarmu ake buga mujalla, shafuka kaɗan ne, ba su ishe mu ba balle baƙi. Wannan ita ce mafi sauƙin amsawa. A bar kyan rubutu ya zama alƙali. Duk abin da aka aiko, sakatare ya cire sunan mai shi da na makarantarsa ya sa lamba, editoci su karanta ba su san na wane ne ba. Wanda ya yi kyau a buga, wanda bai yi ba a ajiye, ko da na shugaban ƙungiya ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In rubutun 'yan nesa ba shi da kyau kamar yadda ake faɗa, ai ba zai tsallake ba, ba mu yi asarar shafi ko ɗaya ba. In kuwa ya tsallake, to, mujallar ce ta ƙaru. Sa'an nan wanda aka buga labarinsa a Darki ba kwafi ɗaya zai saya ba, kuma mujallar da a da ba ta wuce ƙofar sashe za ta shiga zauruka da ɗakunan malamai na ƙauyuka. Duk wanda ya ƙi wannan gwaji ya nuna mana abin da ke ƙasan zuciyarsa, wato tsoro ne kada matar aure mai goyo ta kayar da shi a fagen da yake taƙama da shi.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfinmu. Na farko, hukumar mujalla ta yi shela cewa daga fitowa ta gaba tana karɓar labari da waƙa da wasan kwaikwayo daga duk ɗalibin da ke karatun nesa, ko Hausa yake nazari ko wani fanni, kuma a yarda ya aiko ta waya, tun da ba zai iya kawowa da ƙafarsa ba. Na biyu, wanda ba a buga nasa ba kada a yi masa shiru. A mayar masa da shi da 'yan layuka na gyara: ga inda ya yi kyau, ga inda ya karye. Wannan 'yar takarda ita ce majalisar da ya rasa, kuma mu masu gyaran ma za mu ƙaru, domin mai koya wa wani kansa yake koya wa. Na uku, kowane hutu muna watsewa garuruwanmu. Me zai hana kowane ɗan ƙungiya ya nemi masu karatun nesa na garinsu, a roƙi hedimasta aji ɗaya da yamma, a zauna a karanta wa juna? 'Yan'uwanmu mata kuwa su shiga gidaje wurin waɗanda ba sa fita, su zama jajin wannan zamani. Na huɗu, in Makon Hausa ya zo, ko Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta, a aika musu da goron gayyata, a ba su fili su karanta nasu da bakinsu.

Ku kuma 'yan'uwa masu karatun nesa, ina da magana da ku. Kada ku zauna jiran sai an buɗe muku ƙofa. In ku uku ne a gari, kun isa majalisa. Ku sa rana, ku haɗu, ku karanta, ku jure wa gyara. Ku nemi littattafan magabata ku karanta don daɗi, ba don jarrabawa kaɗai ba. Kada saurin WhatsApp da Facebook ya ruɗe ku ku riƙa sakin rubutu yana ɗanye saboda kwaɗayin yabo, domin yabon da ba gyara a cikinsa guba ne ga marubuci. Kuma ku daina sunkuyar da kai in an tambaye ku inda kuke karatu. Wanda ya haɗa noma da darasi, ko goyo da jarrabawa, ba shi ne ya kamata ya ji kunya ba.

Hukumomin jami'o'in karatun nesa su ma da nasu kason. Cibiyar karatu ta wuce wurin yin rajista da zama jarrabawa. A ware ɗaki da rana ɗaya a wata don masu sha'awar rubutu, a sa malami mai son abin ya zauna da su, a shirya gasa tsakanin cibiyoyi, a buga abin da ya yi fice. Jami'ar da marubucin waƙa ya kafa bai kamata ta yaye ɗaliban da ba su taɓa jin muryar juna ba.

Na san wannan takarda ba za ta yi wa wasu daɗi ba, har cikin abokaina na kusa. Wanda ke da ja ya ɗauki alƙalami ya kawo hujjarsa a fitowa ta gaba, mu gani a rubuce, amma ya zo da abin da ya fi yatsina fuska. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mu ci gajiyar Imam da Namangi da Balaraba a cikin aji, mu sami maki da guminsu, sa'an nan mu fito mu rufe ƙofa a fuskar magadansu. Ƙalubale gare ku editoci. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da aiki da ita, ya ɗaukaka harshen Hausa da masu yi masa hidima, na kusa da na nesa. Wassalam.